Darasi na Tara: Yadda Ake Tafiyar da Ƙungiyar Rotary ta Duniya

Duk wanda ya taɓa lura da allon da ake kafawa a bakin rijiyar burtsatse, ko rigar masu ɗiga wa yara maganin rigakafin shan-inna, mai yiwuwa ya ga wani tambari mai kama da haƙorin inji, zagayayye, mai launin ruwan ɗorawa. Tambarin ƙungiyar Rotary ke nan. Mutane da yawa sun san ta da aikin agaji, amma kaɗan ne suka san yadda take mulkin kanta, kuma wannan shi ne abin da za mu duba yau. Ga tambayar da za ku riƙe a zuci har ƙarshen darasi: ƙungiyar da shugabanninta ba sa karɓar albashi, kuma kusan dukansu suke sauka duk bayan wata goma sha biyu, yaya aka yi ta haura shekara ɗari ba ta watse ba?

Asalinta

Ranar 23 ga Fabrairu, 1905, wani lauya mai suna Paul Harris ya zauna da abokansa uku a wani ofis a birnin Shikago na Amurka. Ɗaya mai sayar da kwal ne, ɗaya injiniyan haƙar ma'adinai, ɗaya kuma tela. Abin da ya haɗa su shi ne neman abokai na amana a cikin babban birnin da kowa baƙo ne, da kuma taimakon juna a harkar kasuwanci. Aikin taimakon jama'a daga baya ya shigo. A farkon lamari suna taron ne karɓa-karɓa, yau a ofishin wannan, wani makon a ofishin wancan.

Wasu garuruwa suka kwaikwayi abin. A 1910 kulob 16 suka haɗu suka kafa ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya. Da abin ya tsallaka Kanada da Birtaniya, sai aka sauya suna, har a 1922 aka tsaya a kan Rotary International. Hedikwatarta tana Evanston, wani gari da ke maƙwabtaka da Shikago. Yau tana da mambobi fiye da miliyan ɗaya a cikin kulob sama da 36,000, ban da na matasa da ake kira Rotaract. A Najeriya, kulob na farko a Kano aka kafa shi, a 1961. Akwai wata takwararta, Lions, wadda Melvin Jones ya kafa a 1917, ita ma a Shikago, kuma tsarin mulkinsu ya yi kama ƙwarai, don haka wanda ya fahimci ɗaya ba zai sha wahalar gane ɗayar ba.

Kulob: tushen komai

Ga wani abu da ke ruɗar da mutane. A dokar Rotary International, mutum ɗaya ba ya zama mambanta. Mambobinta su ne kulob-kulob. Likita ko ɗan kasuwa da ke Kano ɗan kulob ɗinsa ne, kulob ɗin kuma shi ne yake da rajista da uwar ƙungiya. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, domin shi ya raba iko tun daga tushe. Hedikwata ba ta zaɓa wa kulob mambobi, ba ta naɗa masa shugaba, ba ta kuma gaya masa ko asibiti zai gyara ko makaranta. Abin da take riƙe da shi shi ne takardar shaidar rajista, wadda take bayarwa idan aka cika sharuɗɗan kafa sabon kulob, kuma tana iya ƙwace ta idan aka karya doka ko aka ƙi biyan kuɗin ƙa'ida.

A madadin wannan 'yanci, kowane kulob sai ya karɓi kundin tsarin mulki iri ɗaya da na sauran. Ba ya da ikon sauya shi don kansa. Abin da yake iya tsarawa shi ne ƙananan dokokin cikin gida, kamar ranar taro, da yawan kuɗin da mamba zai biya, da irin kwamitocin da za a kafa, muddin ba su ci karo da babban kundin ba. A cikin kundin akwai haramcin kulob ya goyi bayan wani ɗan takarar siyasa. Mamba yana da jam'iyyarsa, amma a ƙofar ɗakin taro yake ajiye ta.

Masu riƙe da kulob su ne shugaba, da shugaba mai jiran gado, da shugaban da ya sauka, da sakatare, da ma'aji, da wasu 'yan kwamitin gudanarwa. Shekarar aiki tana farawa ranar 1 ga Yuli, ta ƙare 30 ga Yuni. Ku dubi waɗannan kujeru uku na farko da kyau. A kowane lokaci, a teburi ɗaya, akwai wanda ya riƙe jiya, da mai riƙe da yau, da wanda zai riƙe gobe. Mai jiran gado kuma ba ya hawa sai ya halarci horon da ake shirya wa shugabanni masu jiran gado. Ta haka ake rage ɓarnar da sauyin shugaba duk shekara zai iya jawowa.

Tun farko an so kulob ya zama haɗin gambizar sana'o'i, kada lauyoyi ko 'yan kasuwar hatsi su cika shi su kaɗai. An sassauta wannan ƙa'ida a 'yan shekarun nan, amma har yanzu ana rubuta kowane mamba da sana'arsa.

Gunduma da gwamnanta

Ana tara kulob-kulob na yanki ɗaya su zama gunduma. Akwai gundumomi fiye da 500 a duniya, kowacce da lambarta, kuma iyakokinsu ba lalle su bi iyakar ƙasa ba: wata gundumar ta haɗa ƙasashe da dama, wata ƙasar kuma an raba ta gida-gida. Shugaban gunduma ana ce masa gwamna. Kada sunan ya ruɗe ku, ba shi da jiniya, ba shi da albashi, kuma shekara ɗaya yake yi.

Matsayinsa yana da ɗan sarƙaƙiya. Kulob-kulob na gundumar ne suke fitar da shi, amma da zarar ya hau, jami'in uwar ƙungiya ne, kuma kwamitin daraktoci na duniya yake yi wa bayani. Ana fitar da shi shekara biyu zuwa uku kafin ya hau. Sai ya taɓa shugabantar kulob, sai kuma ya yi shekara bakwai aƙalla yana mamba kafin ranar hawansa. A watannin ƙarshe na shiri, duk gwamnoni masu jiran gado na duniya suna haɗuwa a wuri ɗaya a Amurka, a horar da su tare. Idan ya hau, wajibi ne ya ziyarci kowane kulob da ke ƙarƙashinsa, ya ji matsalarsa, ya tabbatar ana taro ana kuma biyan kuɗi. A gundumar da ta faro daga Sakkwato ta dangana da Maiduguri da Abuja, wannan ziyara kaɗai aiki ne ja.

Can ƙololuwa

Gundumomi suna haɗuwa su zama shiyyoyi 34. Daga shiyyoyin nan ake fitar da daraktoci 17, kowanne ya yi shekara biyu. Idan aka haɗa su da shugaban duniya da mai jiran gadonsa, sun zama 19, kuma su ne kwamitin daraktoci mai tsara manufofi da kula da kuɗin ƙungiya.

Shugaban duniya shi ma shekara ɗaya yake yi. Wani kwamiti na wakilan shiyyoyi ne ke zaɓo shi daga cikin waɗanda suka taɓa zama daraktoci, sannan babban taron shekara-shekara ya tabbatar. Akwai dokar da ta hana yaƙin neman zaɓe a waɗannan kujeru. Wanda aka kama yana raba takardu ko yana zagayen roƙon ƙuri'a, ana iya soke takararsa. Ko dokar tana hana raɗa a bayan fage, wannan wata magana ce, domin ɗan Adam ɗan Adam ne, amma ta hana takarar zama kasuwar mai kuɗi a fili.

Ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera shi ne Jonathan Majiyagbe, babban lauya da ya yi aikinsa a Kano, kuma ɗan kulob ɗin Kano ne. Ya riƙe daga Yulin 2003 zuwa Yunin 2004. Sam Owori na Yuganda shi ma an zaɓe shi, amma ya rasu a 2017 yana matsayin mai jiran gado, bai kai ga hawa ba.

To idan kowa yana sauka, wa ke riƙe da fayil-fayil? Nan ne aikin babban sakatare ya shigo. Shi ma'aikaci ne mai albashi, kwamitin daraktoci ke ɗaukarsa, kuma shi ke shugabantar ɗaruruwan ma'aikata a Evanston da sauran ofisoshi na ƙasashe. Na farkonsu, Chesley Perry, ya yi shekara 32 a kujerar, daga 1910 zuwa 1942. John Hewko ya kama aikin a 2011. Kun ga ke nan akwai rukuni biyu: 'yan sa-kai masu zuwa su wuce, su ne ke da ikon yanke shawara, da ma'aikata masu daɗewa, su ne suka san inda kowace takarda take. A ganina wannan ne wurin da ya fi buƙatar sa ido a kowace ƙungiya irin wannan, domin wanda ya daɗe a ofis yakan fi wanda ya zo jiya sanin hanyar da zai bi ya sa a amince da ra'ayinsa.

Majalisar dokoki

Shugaban duniya ba ya iya sauya ko da layi ɗaya na kundin tsarin mulki. Kwamitin daraktoci ma haka. Wannan ikon yana hannun majalisar dokoki, wadda ke zama sau ɗaya a shekara uku, a 'yan shekarun nan a Shikago. Kowace gunduma tana tura wakili ɗaya mai ƙuri'a ɗaya, ko gundumar a Japan take ko a Najeriya. Kulob yana iya kawo ƙudiri, amma sai gundumarsa ta amince da shi kafin ya isa zaure. Sauya babban kundi yana buƙatar kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, ƙananan dokoki kuwa rinjaye kawai. Bayan an tashi, ana aika wa kowane kulob rahoton abin da aka zartar, kuma idan masu adawa da wata doka suka kai wani adadi da aka ƙayyade, ana dakatar da ita a mayar wa kulob-kulob su jefa ƙuri'a.

Labarin shigar mata shi ya fi nuna yadda wannan majalisa take aiki, da kuma rauninta. Tun 1950 wani kulob a Indiya ya kawo ƙudirin a cire sharaɗin cewa sai namiji zai zama mamba. Bai samu shiga ba. Aka yi ta maimaita irinsa ana kayarwa. A 1977 kulob ɗin Duarte, wani ƙaramin gari a jihar Kalifoniya, ya gaji da jira, ya karɓi mata uku. Shekara ta gaba hedikwata ta ƙwace takardar rajistarsa. Kulob ɗin ya tafi kotu, yana cewa dokar jiharsu ta hana nuna bambancin jinsi a irin waɗannan wurare. Shari'a ta yi ta hawa har Kotun Ƙolin Amurka, wadda ranar 4 ga Mayu, 1987, ta ba kulob ɗin gaskiya. A wannan shekarar Sylvia Whitlock ta zama shugabar kulob ɗin Duarte, mace ta farko da ta shugabanci wani kulob na Rotary. Amma hukuncin kotun Amurka bai ɗaure kulob ɗin da ke Kano ko Alƙahira ba. Sai da majalisar dokoki ta zauna a Singafo a 1989 ta cire sharaɗin, sannan ƙofa ta buɗe a duniya baki ɗaya. Daga nan ma sai da aka ƙara shekara 33 kafin mace ta hau kujerar shugaban duniya, wato Jennifer Jones ta Kanada, a 2022.

Ku lissafa: daga 1950 zuwa 1989 shekara 39 ke nan. Tsarin da ya hana shugaba ɗaya juya ƙungiya yadda ya ga dama, shi ne kuma ya sa gyaran da ya kamata ya ɗauki tsawon rayuwar aikin mutum guda, har sai da kotu ta tura. Bayan nan majalisar ta yi wasu gyare-gyare da sauri. A 2016 ta ba kulob damar rage taro daga kowane mako zuwa sau biyu a wata, da yin sa ta intanet in an so. A 2019 ta ɗaga kulob-kulob na matasa suka zama mambobin uwar ƙungiya.

Kuɗi: asusu biyu da ba a haɗawa

Kuɗin tafiyar da ofis daban, kuɗin agaji daban. Na farko yana fitowa ne daga abin da kowane kulob yake biya a kan kowane mamba, sau biyu a shekara, a Janairu da Yuli. Da dala ake ƙayyade shi, majalisar dokoki ce kuma ke yanke yawansa. Ga kulob ɗin da mambobinsa naira suke samu, duk faɗuwar darajar naira ƙarin nauyi ne, ga kuma kuɗin gunduma da na kulob da na cin abinci a wurin taro. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ake yi wa ƙungiyar kallon ta masu hannu da shuni, kuma zargin ba ya rasa tushe.

Kuɗin agaji kuwa yana ƙarƙashin Gidauniyar Rotary, wadda take da rajistarta daban da amintattunta 15, masu wa'adin shekara huɗu. Arch Klumph ne ya kawo shawarar kafa asusun a babban taron 1917, kuma gudummawar farko dala 26 da santi 50 ce, daga kulob ɗin Kansas City. Gudummawar da aka zuba a asusun shekara-shekara ba a taɓa ta nan take. Ana juya ta shekara uku, sannan a raba: wani kaso ya tafi asusun duniya, wani kaso gundumar da ta tara kuɗin ta faɗi inda za a kashe shi. Amfanin jinkirin shi ne gunduma ta san abin da ke hannunta tun kafin ta tsara aiki.

Kulob ɗin da ke son babban tallafi, wanda kasafinsa ke farawa daga dala 30,000, sai ya sami abokin tarayya a wata ƙasa, kulob ko gunduma. Sai ya tura wakili horon kula da kuɗin tallafi, ya sa hannu a yarjejeniya, ya buɗe asusun banki na musamman wanda mutum biyu ke sa wa hannu, ya ajiye rasidai shekara biyar aƙalla. Sai kuma ya nuna cewa ya tambayi mutanen wurin abin da suke buƙata kafin ya tsara aikin. Wanda bai kawo rahoton tallafin baya ba, ba ya samun sabo. Masu aikin sukan yi ƙorafin yawan takardu, amma mutumin da ya ba da kuɗinsa a Koriya ba zai taɓa zuwa ya ga rijiyar da idonsa ba, takardun nan su ne idonsa.

Shan-inna: inda aka gwada tsarin

A 1979 Rotary ta ɗauki nauyin yi wa yara miliyan shida rigakafin shan-inna a ƙasar Filifin. A 1985 ta ƙaddamar da shirin PolioPlus, a 1988 kuma ta haɗa hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya, da UNICEF, da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, don kawar da cutar kwata-kwata. A lokacin, kimanin yara 350,000 take naƙasawa duk shekara a ƙasashe 125.

Aikin da zai ci shekaru da dama ba zai yiwu a hannun mai wa'adin wata goma sha biyu ba. Don haka aka kafa masa kwamitoci na musamman, na duniya da na ƙasashe, waɗanda shugabanninsu ke daɗewa. Dakta Tunji Funsho, likitan zuciya, ya shugabanci na Najeriya shekaru da yawa. Wato ƙungiyar da kanta ta gane cewa karɓa-karɓar shekara-shekara ba kowane aiki ta dace da shi ba.

Abin da ya faru a 2003 ya nuna iyakar ikonta. A shekarar da ɗan kulob ɗin Kano yake shugabancin Rotary ta duniya, a shekarar aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohin arewa, saboda zargin cewa an gurɓata maganin. Ƙungiyar sa-kai ba ta da ikon ba gwamna umarni, ba ta da ikon tilasta wa uba ya fito da ɗansa. Abin da take da shi shi ne kuɗi, da mutanen da ake jin maganarsu, da haƙurin zama a teburi. Sai da aka yi gwaje-gwaje, aka tattauna, aka kawo magani daga Indunusiya, sannan Kano ta koma rigakafi a Yulin 2004, kuma kafin lokacin cutar ta riga ta bazu zuwa wasu ƙasashe. A shekarun da suka biyo baya sarakuna da malamai suka shigo cikin aikin sosai. A 2016 aka ga na ƙarshen waɗanda ƙwayar cutar ta asali ta kama a Najeriya, a jihar Borno, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ita. Har yanzu ana ci gaba da ɗiga wa yara maganin, domin cutar ba ta ƙare a Pakistan da Afganistan ba, kuma akwai wani nau'in da kan ɓulla a inda rigakafi ya yi ƙaranci.

Tambayoyi da aiki

1. Su waye mambobin Rotary International a dokance? Wane iko wannan ya bar wa kulob, wanne kuma ya bar wa hedikwata?

2. Me ya sa ake fitar da gwamnan gunduma shekara biyu zuwa uku kafin ya hau?

3. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1987. Me ya sa duk da haka sai da majalisar dokoki ta zauna a 1989?

4. Ku rabu gida biyu ku yi muhawara: wa'adin shekara ɗaya ga shugaba alheri ne ko cikas? Kowane ɓangare ya kawo hujja daga labarin shigar mata ko na shan-inna.

5. Aikin gida: kowa ya zaɓi wata ƙungiya da yake ciki, ta ci-gaban gari ce, ta 'yan kasuwa, ko ta iyayen yara da malamai. Ya binciko ko tana da rubutaccen tsarin mulki, da wanda ke da ikon sauya shi, da yawan mutanen da ke sa hannu kafin a fitar da kuɗi daga asusunta, da ranar da aka yi zaɓe na ƙarshe. A kawo amsoshin a rubuce a zama na gaba.